Mai Yanka Bidiyo da Amanar Ruwaya

Kusan kowace manhajar sauya bidiyo da ake tallatawa a intanet tana ɗauke da alkawari guda: za ta karɓi abin da kyamara ta ɗauka, ta juya shi zuwa wani tsari, a yanka a haɗa, kuma ingancinsa ba zai ragu ba ko kaɗan. Mai situdiyon da ya ɗauko biki ko tafsirin azumi yana son wannan alkawari ya tabbata, domin idan hoto ya fito dishi-dishi shi mai aiki zai tuhuma. Tambayar da ke ƙarƙashin alkawarin ta girmi kwamfuta da ƙarnoni: shin ana iya ɗauko abu daga inda ya faru a kai shi ga wanda bai halarta ba, ba tare da wani abu ya zube a hanya ba? Idan kuma ba a iyawa, me ya hau kan mai ɗaukowar? A ganina ba a iyawa, sai a ƴan wurare ƙalilan da za a ambata, kuma edita yana tsaye ne a inda mai ruwaya yake tsayawa. Abin da za a tuhume shi da shi kuwa shi ne ko ya san abin da ya zubar, ko abin da ya zubar ya juya ma'ana, da ko ya bar hanyar komawa ga asali.

Asarar farko tana faruwa ne tun hoton bai fito daga kyamara ba. Hoton da ake kira cikakken HD yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato ɗigo 2,073,600 a kowane hoto tsayayye, kuma kyamara tana jera irinsa 25 a cikin daƙiƙa ɗaya a tsarin talabijin ɗin da muke bi. Da za a ajiye kowane ɗigo da launukansa uku yadda suke, minti ɗaya zai ci fiye da gigabait 9. Tsarin AVCHD, wanda kamfanonin Sony da Panasonic suka fitar a 2006 kuma ya cika ƙananan kyamarorin ɗaukar biki, yana rubuta megabit 24 a daƙiƙa idan an ƙure shi a sigarsa ta farko, wato kimanin megabait 180 a minti. Ke nan kashi ɗaya cikin hamsin ne ya isa katin memori. Sauran arba'in da taran fa? Wani ɓangare maimaici ne da lissafi zai iya dawo da shi, amma wani ɓangare an watsar da shi ne har abada, bisa dogaro da cewa idon ɗan Adam ba zai lura ba. Ido ya fi kula da haske da duhu a kan launi, don haka ake ajiye bayanin launi sau ɗaya ga kowane ɗigo huɗu. Bango ba ya motsi, don haka ake ajiye cikakken hoto jefi-jefi, hotunan da ke tsakani kuwa a rubuta bambancinsu kawai da na gaba ko na baya. Lissafin da ke rarrabe abin da ido zai gani da wanda ba zai gani ba ya samo asali daga aikin Nasir Ahmed, injiniya haifaffen Indiya, wanda ya wallafa shi da abokan aikinsa biyu a 1974, kuma a kansa aka gina JPEG da MPEG da H.264 na 2003. Har ma kafin matsewa akwai kirdado: a yawancin kyamarori kowane ɗigon na'urar ɗaukar haske launi ɗaya yake gani, rabinsu kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi, bisa tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya samu haƙƙin mallakarsa a 1976, sauran launuka biyun kuwa kyamara ce take ƙiyasta su daga maƙwabta. Abin da muke kira asali, fayil ɗin nan da aka sauke daga kati, shi kansa ruwaya ce da ma'ana.

Daga nan kowace juyawa tana ƙara nata. Idan aka buɗe fayil ɗin da aka matse, aka yi masa aiki, aka sake matse shi, manhajar tana ɗaukar kurakuran matsewar farko a matsayin gaskiya, ta ɗora nata a kai. Wanda ya lura da sararin sama a bidiyon da ya bi hannu da yawa zai ga shuɗin ya rabu layi-layi, inuwar da ke ƙarƙashin rumfa ta zama murabba'ai masu rawa, aikin zaren da ke wuyan babbar riga ya narke ya zama fenti. YouTube yana sake matse duk abin da aka ɗora masa, WhatsApp ma haka yake yi sai in an tura bidiyon a matsayin fayil. Masu kallon finafinan Hausa na shekarun 1990, zamanin da Turmin Danya ya buɗe ƙofa a Kano, sun san wannan ciwo a kaset ɗin bidiyo, inda kwafin kwafi yake fitowa da fuskoki jajaye da murya mai shaƙewa. Dijital ya sauya kamannin ciwon ne kawai.

Mai ilimin kwamfuta zai yi saurin cewa an yi wa dijital rashin adalci, kuma yana da gaskiya har wani matsayi. Kwafar fayil daga kati zuwa rumbun kwamfuta ba ta rage komai, ko sau dubu aka yi, kuma ana iya tabbatar da haka da lissafin tantancewa irin su SHA-256, wanda yake sauyawa gaba ɗaya idan bit ɗaya ya kauce. Ana iya cire bidiyo daga mazubin MTS a zuba shi a MP4 ko MOV ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba. Manhajar FFmpeg, wadda Fabrice Bellard ya fara a 2000, tana yin haka cikin daƙiƙoƙi. Ana iya yanka a daidai kan cikakken hoto ba tare da sake matsewa ba. Manhajojin edita na yau ba sa taɓa fayil ɗin asali, umarni kawai suke rubutawa na inda za a fara da inda za a tsaya. Akwai tsare-tsaren aiki irin su DNxHD na Avid da ProRes da Apple ya fitar a 2007, waɗanda asararsu ba ta bayyana ga ido ko an juya su sau da yawa, akwai kuma FFV1 wanda ba ya zubar da komai sam, shi ya sa gidajen adana tarihi suke amfani da shi. Duk wannan haka yake. Amma a duba abin da waɗannan hanyoyi suka tabbatar: cewa lambobin da suka shiga su ne suka fita. Claude Shannon, wanda ya kafa ilimin aunawa da isar da bayani a maƙalarsa ta 1948, ya faɗa tun a shafukan farko cewa ma'anar saƙo ba ta cikin matsalar da injiniya yake warwarewa. Kayan aikin da aka gina a kan iliminsa sun gaji wannan iyaka. Za su iya rantse maka cewa ba ɗigon da ya ɓace a cikin minti biyun da ka fitar, amma ba su da ta cewa a kan minti arba'in ɗin da ka bari a baya.

Abin da ya faru da Shirley Sherrod a Amurka a watan Yulin 2010 ya isa misali. Baƙar fata ce, jami'a a ma'aikatar noma ta tarayya mai kula da raya karkara a jihar Jojiya. Ta yi jawabi na fiye da minti 40 a wani taron ƙungiyar NAACP, sai aka yanko guntun da bai kai minti 3 ba, ɗan jarida Andrew Breitbart ya wallafa shi. A guntun ana jin ta tana ba da labarin yadda wani manomi farar fata ya zo neman taimakonta, ita kuma ba ta ba shi dukkan ƙarfinta ba. Nan take aka tilasta mata ajiye aiki. Da cikakken bidiyon ya fito sai aka ga labarin na 1986 ne, tun ba ta shiga gwamnati ba, kuma ta kawo shi ne don ta nuna yadda ta gane kuskuren wannan tunani, ta tsaya wa manomin har gonarsa ta tsira. Manomin da matarsa suka fito suka shaida haka, sakataren noma na lokacin Tom Vilsack ya ba ta haƙuri. Ba wanda ya ƙara mata kalma ko ya sauya mata murya. Kowace daƙiƙa ta guntun gaskiya ce, kuma da za a auna shi da ma'aunin injiniya da an ce bai rasa inganci ba. Duk da haka ƙarya aka yi mata, kuma da almakashi kaɗai aka yi ta. Masu fim sun daɗe da sanin ƙarfin wannan almakashi. Ana ba da labarin gwajin da Lev Kuleshov ya yi a Rasha wajen 1920, inda ya jera hoto ɗaya na fuskar ɗan wasa da kwanon miya, sannan da akwatin gawa, sannan da wata mace, masu kallo suka riƙa ganin yunwa da baƙin ciki da sha'awa a fuskar da ba ta sauya ba.

A nan ne ilimin hadisi yake da abin cewa, domin malamansa sun fuskanci wannan matsala da gaske, kuma ba su warware ta da alkawarin ƙarya ba. Tun zamanin tabi'ai aka yi saɓani a kan ruwaya da ma'ana. An san Muhammad bin Sirin da tsanantawa a kan kawo lafazi yadda aka ji shi, an san Hasanul Basari da sauƙaƙawa idan ma'ana ta tsaya, kuma su biyun a Basra suka zauna, a shekara ɗaya suka rasu, 110 bayan hijira. Abin da mafi yawan malamai suka tsaya a kai, kamar yadda Khaɗibul Bagadadi ya tattauna a Al-Kifaya, Ibnus Salah ya tsara a Muƙaddimarsa, Ibnu Hajar ya taƙaita a Nukhbatul Fikar da sharhinsa, shi ne halatta da sharaɗi: mai ruwayar ya zama masanin lafuzza da abin da suke nufi, masanin abin da yake juya ma'ana idan an sauya shi. Wanda bai kai nan ba, ba shi da izinin sauya komai. Haka suka yi a kan gutsure hadisi. Sun yarda a kawo wani yanki a bar wani, Imam Bukhari ma ya shahara da rarraba hadisi ɗaya a babuka daban-daban, amma da sharaɗin kada abin da aka bari ya zama yana da alaƙa da abin da aka kawo ta yadda barinsa zai ɓata hukunci, kamar togaciya ko sharaɗi ko iyaka. Kowane almajiri ya san misalin ayar Suratul Ma'un da idan aka tsaya a ƙarshenta aka ƙi ci gaba sai ta zama kamar tana yi wa masu salla alkawarin azaba, alhali ayar da ke biye ta bayyana waɗanne masallata ake nufi. Sannan suka ɗora wa mai ruwaya da ma'ana ladabin ya sanar da mai sauraro, shi ya sa har gobe malami a Kano ko Damagaram yake rufe hadisi da "au kama ƙala", yana shaida wa jama'a cewa lafazin na iya zama ba daidai da na asali ba.

Wannan tsari ya amince da cewa ɗauko magana yana tare da asara, bai kuma yanke ƙauna daga gaskiya saboda haka ba. Ya raba asara gida biyu: wadda ba ta taɓa ma'ana, ita ana yafe ta ga masani, da wadda take taɓa ma'ana, ita kuwa ha'inci ce ko da kowace kalma da aka kawo sahihiya ce. Idan aka ɗora bidiyo a kan wannan ma'auni sai a ga abin da jama'a suka fi damuwa da shi shi ne mafi sauƙi. Wa'azin da WhatsApp ya matse har fuskar malami ta dushe, amma ya zo cikakke daga bisimilla zuwa addu'ar rufewa, ya fi kusa da amana a kan guntun 4K mai ƙyalli da aka yanke daidai inda malamin yake kawo maganar abokan saɓaninsa kafin ya yi mata raddi. Irin wannan guntu ya zama abincin yau da kullum a TikTok da Facebook, yana haɗa almajirai faɗa, yana jawo wa mutane kafirtawa da zagi, kuma kyawun hotonsa ƙara masa ƙarfi yake yi. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma a zamanin da gani yake nufin ka tsaya a wurin da idonka, maganar daidai ce. Bidiyo kuwa ji ne da ya sa rigar gani. Wani ne ya zaɓi inda kyamara za ta kalla, wani ya zaɓi inda za a fara da inda za a tsaya, kuma mai kallo ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu. Wanda aka kawo wa labari da baki yakan tambaya wa ya faɗa, wanda aka tura wa bidiyo kuwa sai ya ce ai na gani da idona. Umarnin da ke Suratul Hujurat na bincika labari kafin a auka wa mutane cikin jahilci bai faɗi ba don labarin ya zo da launi da sauti.

Za a iya cewa kwatanta edita da mai ruwayar hadisi wuce gona da iri ne, domin hadisi addini ne, bidiyon biki kuwa nishaɗi. Gaskiya ne nauyin ba ɗaya ba ne, kuma ba wanda zai ce zunubin yi wa Annabi (SAW) ƙarya daidai yake da na yanke rawar ƙanwar ango. Abin da ake aro daga malaman hadisi shi ne hanyar tunani, wadda su ma sun yi amfani da ita a tarihi da lugga da adabi. Nauyin kuma yana hawa da sauka gwargwadon abin da bidiyon yake iƙirari. Fim ɗin Kannywood bai ce wa kowa ga abin da ya faru ba. Mai kallo ya san shiri ne, don haka edita yana da ƴancin ya yanka, ya sauya launi, ya mayar da rana dare. Bidiyon biki yana tsakiya, kowa ya san ana zaɓen wurare masu kyau, kuma cire inda wata baƙuwa ta faɗi ko mayafinta ya zame suturta mutum ne, abin da addini ya yi umarni da shi. Ke nan yankewa kanta ba laifi ba ce, wani lokaci ma barin yankewar ne laifi. Amma da zarar an miƙa bidiyo a matsayin shaida, cewa wane ya faɗi kaza, ko jami'i ya aikata kaza, ko mutanen gari kaza sun yi kaza, to mai yankan ya shiga sahun masu ba da shaida, kuma hukuncin shaidar zur ba ya la'akari da ko da harshe aka yi ta ko da linzamin kwamfuta.

Wata hujjar da ta fi wannan ƙarfi tana zuwa daga ɗaya gefen. Idan kyamara kanta tana kirdado, idan duk inda aka nufa da ita an juya wa wani wuri baya, idan ko bidiyon da ba a yanka ba yana da farko da ƙarshe da wani ya zaɓa, to ina asalin da ake cewa a koma gare shi? Ashe ba kowane bidiyo ne ra'ayi ba, ba wanda ya fi wani gaskiya? Wannan tunani yana da farin jini a wasu jami'o'i, yana kuma da amfani ga duk wanda aka kama a kyamara yana aikata abin kunya. Kuskurensa shi ne ɗaukar cewa idan babu cikakke to duk naƙasassu daidai suke. Cikakken jawabin Sherrod bai nuna abin da ke zuciyarta ba, bai nuna waɗanda ke bayan kyamara ba, amma ya isa ya rushe guntun da aka yanko, guntun kuwa ba zai taɓa iya rushe shi ba. Wannan rashin daidaito shi ne abin da ake nufi da kusanci ga asali. Malaman hadisi ba su taɓa cewa sun mallaki sautin muryar da aka yi magana da ita ba, amma sun iya jera ruwayoyi su ce wannan ta fi waccan, su gano inda wani ya taƙaita har ya ɓata, ta hanyar tara hanyoyin hadisin su gwada su da juna. Sanin cewa ilimin ɗan Adam yana da iyaka dalili ne na ƙara bincike da tawali'u. Wanda ya mayar da shi lasisin faɗin abin da ya ga dama ya fahimce shi a juye.

Sabuwar fitinar ta zo ne ta ƙofar gyara. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna karɓar bidiyo mai dishi-dishi su fitar da shi tangaram, ana kuma tallata su da cewa suna dawo da ingancin da ya ɓace. Abin da ya ɓace ba ya dawowa. Abin da manhajar take yi shi ne ta duba ɗimbin hotunan da aka horar da ita da su, ta zana abin da ya fi kama da wanda ya kamata ya kasance a wurin. A 2020 an gwada wata irin wannan manhaja da dusasshen hoton Barack Obama, sai ta fitar da fuskar wani Bature da bai taɓa rayuwa ba. A 2024 wani alƙali a jihar Washington ta Amurka ya ƙi karɓar bidiyon waya da aka gyara ta wannan hanya a shari'ar kisan kai, saboda abin da ke cikinsa ya haɗa da abin da na'ura ta ƙirƙira. Ilimin hadisi yana da babi a kan irin wannan, wato mudraji: maganar mai ruwaya da ta shige cikin matanin hadisi ba tare da an raba su ba, sau da yawa da kyakkyawar niyya, don bayyana kalma mai wuya ko cike giɓi. Khaɗib ya rubuta littafi sukutum don zaƙulo irin waɗannan wurare. Malamai ba su hana sharhi ba, abin da suka hana shi ne a bar sharhi ya saje da matani. Wanda ya gyara tsohon bidiyon kakansa don iyali su ji daɗin kallo bai yi laifi ba, muddin ya ce gyararre ne kuma bai goge na farkon ba.

Batun goge na farko shi ne wurin da sakaci ya fi mugunta yawa, kuma babbar hukuma ma ta faɗa ciki. Kyamarar da ta ɗauki saukar Apollo 11 a duniyar wata a watan Yulin 1969 tana aiko hoto 10 a daƙiƙa da layi 320, tsarin da talabijin ɗin gida ba ya iya nunawa. Da tashoshin Goldstone a Kalifoniya da Honeysuckle Creek da Parkes a Ostireliya suka karɓi saƙon, an juya shi ne ta hanyar nuna shi a allo a kafa wata kyamarar talabijin tana ɗaukar allon. Abin da ɗaruruwan miliyoyin mutane suka kalla kwafi ne mai duhu da inuwa biyu-biyu, ma'aikatan tashoshin ne kaɗai suka ga hoton da kyawunsa. An naɗi saƙon na asali a manyan kasa-kasai, amma bayan shekaru ana nema, NASA ta bayyana a 2009 cewa bincikenta ya kai ta ga cewa an goge su an sake naɗar wasu bayanai a kansu. Gyaran da aka yi a wannan shekara daga kwafin gidajen talabijin aka yi shi. Ba wanda ya yi niyyar ɓarna. An dai ɗauka cewa tunda an juya an watsa, asalin ya gama aikinsa. Wannan shi ne tunanin mai situdiyon da yake goge kati da zarar ya miƙa wa mai biki filashi, da na kwamitin masallacin da ba shi da komai na tafsirin shekaru goma sai abin da ya rage a Facebook. Magabata ba su yi haka ba. Lokacin da Halifa Usman ya sa Zaidu bin Sabit da abokan aikinsa suka kwafi Mus'hafi, takardun da aka tara tun zamanin Abubakar, waɗanda ke hannun Nana Hafsa, su aka aro aka yi aiki da su, sannan aka mayar mata. Marubutan littattafai kuma sun gaji al'adar muƙabala, wato a karanta kwafi ana bin asali layi-layi kafin a amince da shi.

Saura ƙorafin talaka, wanda ba a raina shi. Data tana da tsada, rumbun ajiya yana da tsada, wuta ba ta tsayawa, kuma wa'azin awa biyu a cikakken HD ba zai isa wayar manomi a ƙauye ba sai an matse shi ƙwarai. Wannan gaskiya ne, kuma matsewa don isar da ilimi ga wanda ba zai same shi ba aiki ne na lada. Amma abin da ake nema bai kai tsadar da ake zato ba. Ba a ce kowa ya tura babban fayil ba. An ce wanda ya ɗauka ya ajiye guda ɗaya yadda ya fito daga kyamara, a wuri biyu in da hali, ya yi duk juye-juyensa daga wannan asalin maimakon daga kwafin kwafi, ya matse sau ɗaya a ƙarshen aiki. Wanda ya yanko guntu ya rubuta a jikinsa wurin da aka yi maganar da ranar da inda za a samu cikakkiyar. Wannan rubutu na layi biyu isnadi ne, kuma ba ya cin ko megabait ɗaya. Manyan kamfanoni ma sun dawo kan wannan hanya: a 2021 Adobe da Microsoft da BBC da Intel da wasu suka kafa haɗakar C2PA don a riƙa liƙa wa hoto tarihin wanda ya ɗauke shi da abin da aka yi masa, kuma a 2023 Leica ta fitar da kyamarar farko mai sa irin wannan hatimi tun daga ɗauka. Hatimin zai iya nuna hannayen da hoto ya bi, amma ba zai iya cewa masu hannayen adalai ne ba, kamar yadda jerin sunaye a isnadi bai taɓa wadatar da malamai daga binciken halin mazajen ba.

Kira na ga masu situdiyo da masu kula da shafukan malamai da na ƴan siyasa shi ne su daina goge katin asali, su kuma daina sakin guntu ba tare da nuna inda cikakkensa yake ba. Kai kuma mai karatu, idan aka turo maka daƙiƙa talatin na wani yana magana, ka nemi abin da ya faɗa kafin nan da bayan nan, in ba ka samu ba kada ka tura wa kowa.